Likkafani Goma Sha Uku

Ranar da aka sanar a talabijin cewa ƙasar kakanninmu za ta ɗauke babban birninta daga bakin kogi ta mayar da shi Dumbara, mahaifina ya fita titin Mansur, unguwarmu a Makka, da takalmi ƙafa ɗaya. Shekararsa saba'in da tara, ga hawan jini ga ciwon gwiwa, amma ya yi saurin da ban taɓa ganin ya yi ba, har zuwa bencin tsofaffi da ke gaban mai shayi, don kawai ya ga fuskar tsohon abokin musunsa, Ammi Mukhtaru. Na bi shi da ɗaya takalmin a hannu.

Ba zan faɗi sunan ƙasar ba, don mutanenta ba su san wasa ba. Dumbara dai tsohon birnin sarakuna ne. Da Turawa suka zo sai suka kwashe mulki suka kai bakin kogi, suka bar mata ganuwa da jemagu. Mahaifina, Dauda, a Makka aka haife shi, haka ma mahaifinsa, amma duk Mansur Yarima ake kiransa, rabi girmamawa rabi tsokana. A cewarsa kakansa Bawa ɗan sarkin Dumbara ne, ya tako da ƙafa shekara tara zuwa aikin hajji, bai koma ba. Ammi Mukhtaru mai turare, wanda iyayensa suka biyo ta Sudan, ya shekara hamsin yana ƙaryata wannan zance.

"Ka gani?" in ji Baba yana haki. "Ka gani a talabijin, ya Mukhtaru? Garin da ka ce babu shi ko a taswira!"

Ammi Mukhtaru ya kurɓi shayinsa. "Na gani. Mabruk ga mutanen Dumbara. Kai kuma mene ne naka a ciki?"

"Gidan ubana ne!"

"Ya sheikh, duk Bahaushen Makka da ka tambaya jikan sarki ne. To da suna tahowa, su wa suka riƙa ɗauko kayan?"

Benci ya ɗauki dariya. Na durƙusa na sa wa Baba takalminsa.

Sana'ar Baba likkafani ce. Yana sayen farin alawayyo bandir-bandir, mu jiƙa shi da ruwan zamzam a manyan robobi a saman gidanmu, mu shanya, mu ninke, ya sayar wa alhazai su tafi da shi gida su ajiye wa ranarsu. Tun rasuwar mahaifiyarmu ni ce mai jiƙawa da shanya. Shi kuwa alfaharinsa awo. Baba ba ya taɓa tef. Kallo ɗaya zai yi maka daga hula zuwa silifa ya faɗi yadin da zai ishe ka, ya rubuta sunanka a jikin leda don kada ya haɗu da na abokin tafiya. In alhaji ya fita sai ya girgiza kai ya ce, "Miskin, zai je ya mutu a daji."

Shi bai taɓa yanka wa kansa ko taƙi ɗaya ba. Me zai yi da shi? Wanda zai mutu a Makka, a sallace shi a Harami da dubban mutane, a kwantar da shi a ƙasar Makka, ai ba ya bukatar guzurin zamzam. Wannan shi ne abu ɗaya da Baba ya tsara a rayuwarsa, kuma ya tsare shi da gaske. Tun da na yi wayo bai taɓa kwana a wajen Makka ba, in ban da Madina, wadda ya ce ita ma ba laifi. Bikin ƙanwata a Ɗa'if aka yi, ya ci abinci a tsaye ya sa aka dawo da shi kafin magariba. Ko Jidda zai je asibiti sai ya riƙa duban agogo. Yakan ce kakansa bai yi shekara tara a hanya don jikansa ya je ya faɗi a wani waje ba.

Wata biyu bayan sanarwar, wani jami'in gwamnatin ƙasar ya zo umra ya shigo shagonmu sayen likkafanin mahaifiyarsa. Tsautsayi ya sa ya ce shi ɗan Dumbara ne. Baba ya rufe shago da shi a ciki, ya zuba masa gahawa, ya jero masa kakanni tun daga Bawa har bayan la'asar. Mutumin ya rubuta wani abu a wayarsa, ina jin don a sake shi ne. Sai ga kati mai ruwan zinare ya iso: gwamnati na gayyatar 'ya'yan gidan sarautar Dumbara da ke ƙetare zuwa bikin buɗe sabon babban birni. Kwana biyu, jirgi da masauki duk nasu.

Baba ya kai katin benci ya ɗora shi a cinyar Ammi Mukhtaru. Shi kuma ya juya shi gaba da baya, ya shinshina shi kamar turaren da aka kawo masa talla.

"Kati kam mai kyau ne," ya ce. "Yaushe za ka tashi?"

Baba ya miƙa hannu ya karɓe katinsa.

"Au, ba za ka je ba? Ɗayyib. Na gane. A nan kana iya zama jikan kowa. A can kuwa akwai waɗanda suka san 'ya'yan gidan."

"Kwana biyu ne a wajen Makka, ya Mukhtaru. Ka san shekaruna."

"Na sani. Uzuri ne mai kyau, wallahi. Riƙe shi da kyau."

Da Baba ya dawo gida na san an gama. Na roƙe shi, na yi faɗa, na kira masa likitansa. Na ce, "Baba, don bakin mutum ɗaya za ka yi caca da abin da ka tsare shekara saba'in?" Ya ce dare biyu ne kawai, kuma zai yi su a zaune. Ya ce ƙanena Rakan zai raka shi. Rakan ɗan shekara arba'in ne, injiniya, mutumin kirki, amma Hausarsa ba ta wuce sunayen abinci da zagin da ya koya a bakin kakarmu ba.

Sai maganar tsaraba. Na ce a sayi dabinon ajwa da carbi da darduma. Baba ya ce wannan tsarabar kowane alhaji ce, shi ɗan gida ne zai koma gida, abin da ya fi daraja a hannunsa zai kai. Ya sa Rakan ya nemo masa bidiyon shugaban ƙasa da ministocinsa goma sha ɗaya suna tsaye a wajen wani taro. Ya zauna da almakashi a cinya yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

"Shugaba dogo ne amma ba shi da jiki. Wannan na tsaro kuwa, a ƙara masa yadi biyu saboda tumbi."

Gara in faɗi gaskiya: ni na jiƙa su, ni na goge su, ni na rubuta sunan kowane minista da kyakkyawan rubutu. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa da wata matsala ba. A gidanmu likkafani kusa da rigunan makaranta ake shanya shi. Mun ga manyan alhazai suna kuka suna sumbatar ledarsa. Mu a saninmu babu kyautar da ta fi ta.

Da na gama sha biyun sai na yanka na sha uku, na jiƙa shi shi kaɗai, na cusa a ƙasan akwati. Baba ya gano shi yana neman hularsa. Ya ɗaga ledar, babu suna a jiki.

"Wannan na wane ne, ya Raihana?"

"Ko za a yi ƙarin minista," na ce, ina kallon bango.

Ya auna nauyinsa a tafin hannu. "Ministan nan tsawona gare shi."

Na ci gaba da haɗa masa kaya. Ya daɗe yana riƙe da shi, sannan ya mayar da shi ƙasan akwatin ya danne da jallabiya.

Ranar biki falonmu ya cika da maƙwabta, har da Ammi Mukhtaru, wanda ya ce wucewa yake yi. Rakan ya riga ya gaya mini a waya cewa yarimomin da suka zo daga ƙetare sun haura ɗari biyu, kuma kujerar roba aka ba Baba a layi na tara, cikin rana. Muka ga sojoji, muka ga 'yan makaranta, muka ga gine-ginen da ba a gama fenti ba an rufe su da tutoci. Sai aka zo karɓar kyaututtuka. Wani ya ba da takobi, wani ya ba da hoton shugaba da aka saƙa da zare. Da mai sanarwa ya ce, "Sai baƙonmu daga birnin Makka mai alfarma," filin ya ɗauki kabbara, falonmu ya ɗauki guɗa.

Baba ya hau dandamali da farar jallabiya, Rakan na biye da akwati. Mai sanarwa ya ɗauki ledar farko cikin fara'a ya karanta sunan shugaban ƙasa. Ya buɗe, ya warware. Farin ƙyalle ya zubo har ƙasa, gida uku. Babu musulmin da bai san wannan yankan ba. Fara'ar mutumin ta tsaya a inda take. A ƙasar da aka yi juyin mulki sau huɗu, ga wani tsoho ya zo ranar buɗe sabon birni da likkafanin gwamnati gaba ɗayanta, kowa da sunansa.

Baba ya ga an yi tsit, ya ɗauka kwarjinin kyautar ne. Ya jawo makirufo ya ce, "Kada kowa ya damu, da ido na auna ku. Ba wanda nasa zai yi wa kaɗan."

Nan take hoton ya ɗauke, aka sa mana masu rawar gargajiya.

A falonmu wata maƙwabciya ta ce, "To me ya faru? Ba su gode ba?" Ammi Mukhtaru ne kaɗai ya dafe kai. Shi ya taɓa zama a wajen Makka.

Sai bayan isha'i Rakan ya samu ya kira. An tsare su a sabon ofishin jami'an tsaro, wanda ko ƙofofi ba a sa masa ba tukuna, sai soja aka ajiye a bakin kowane ɗaki. An karɓe fasfo. Na ce, "Ba ka yi musu bayani ba?"

"Na yi, ya Yaya, wallahi na yi. Na ce babana yana so ku mutu da kyau."

"Rakan, daga yau kada ka ƙara yin Hausa a ƙasar nan."

Jirginsu ya tashi babu su. Dare biyu ya zama uku, ya zama huɗu. Ba a taɓa lafiyar Baba ba, har katifa suka ba shi, amma ya ƙi hawa. A kan kujera yake kwana da carbi. Da na same shi a waya muryarsa ta yi siririya.

"Ba na barci, ya Raihana. In na kwanta na miƙe ƙafa, Mala'ika zai ɗauka nan ne gidana."

Na yi dariya don ya ji, na kashe waya na yi kuka. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina da na riƙe masa almakashi.

A rana ta uku abin ya fara juyawa. Likkafanan suna cikin wani kabad a matsayin kayan shaida. Da hantsi direban ministan kuɗi ya zo ya ce mai gidansa yana son ya duba nasa da idonsa, don taimaka wa bincike. Bai dawo da shi ba. Kafin azahar direbobi huɗu sun zo taimaka wa bincike. Ministan tsaro da kansa ya zo, ya kori kowa daga ɗakin, ya sunkuya kusa da kunnen Baba ya ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, zamzam ɗin na gaske ne?" Baba ya ce shekara hamsin bai taɓa sirka shi da ruwan famfo ba. Ministan ya sa ledarsa a cikin babbar riga ya fita. Na shugaban ƙasa uwargidansa ce ta aiko aka ɗauka. Ran kwana biyar kabad ya zama wayam, mai bincike ya ce tunda babu shaida babu ƙara.

Don a rufe zancen cikin mutunci sai aka ɗauko wani makaho daga tsohuwar fada, wanda ya haddace sunayen gidan sarautar, aka ce ya saurari Baba. Baba ya fara jero kakanni. Yana kaiwa kan Bawa makahon ya ɗaga hannu ya karɓe: Bawa ɗan sarki na sha huɗu, mai hagu, wanda ya yi gabas shekarar fari bai dawo ba, har uwarsa ta hana a rushe ɗakinsa. Rakan ya ɗauki abin a waya. Ya ce yarimomin nan ɗari biyu, bakwai kawai makahon ya sani.

Baba ya kira ni yana kuka yana dariya. "Kai wa Mukhtaru. Yanzu, yanzu. Kada ki tura masa, ki kai masa da hannunki ki kalli fuskarsa."

Na kai. Ammi Mukhtaru ya kalli bidiyon sau biyu a gaban duk 'yan benci, ya miƙo mini wayar ya ce, "Yaushe jirginsu?" Na ce gobe da safe. Ya ce, "To ya dawo tukuna."

A ofishin da aka tsare su akwai wata tsohuwa mai shara, Jannatu, wadda take kawo wa Baba kunu kullum da safe daga gidanta, don ta lura ba ya cin abincinsu. Da yamma, su Baba suna haɗa kaya, ta ga ledar ƙarshe a ƙasan akwati. Ta ce ita ba ta roƙon komai, ta san ba za ta taɓa ganin Makka ba, a bar ta kawai ta shafa ta shafe fuskarta. Rakan ya ce Baba ya dube ta daga ɗankwali zuwa ƙafa, irin kallon nan nasa. Ya aika aka aro almakashi. Na namiji gida uku ne, na mace gida biyar, don haka ya shimfiɗa shi a kan teburin mai bincike ya sake yanka shi, ya ninke, ya tambayi sunanta ya rubuta a leda.

Rakan ya ce masa, "Abuya, wannan fa Yaya don kai ta sa shi."

"Na sani. Ni gobe war haka ina Mansur ina shan shayi. Me zan yi da shi?"

Wannan daren ya hau katifa. An wanke shi daga zargi, an ba shi fasfo, an tabbatar da kakansa, sai ya ga babu laifi ya ɗan miƙe ƙafa. Ya tashi ya yi sallar asuba lafiya. Mota tana jira a waje, ya zauna a bakin katifa ya sunkuya zai sa takalmi, bai ɗago ba.

Na yi wa Rakan ihu a waya na ce ya kawo mini ubana gida, ko a kafaɗa ne. Ya yi ƙoƙari. Aka ce takardun fitar da gawa sai an yi kwanaki, ofishin da ke bayarwa rabinsa ya taso daga tsohon birni rabinsa bai taso ba, kuma ɗakin sanyin sabon asibiti ba a haɗa masa wuta ba. Liman ya ce ba a jinkirta musulmi. Gwamnati kuwa, da kunya ta ishe ta, ta ce ɗan sarki ne, a hubbaren sarakuna za a sa shi. Rakan ya nemi Jannatu, aka ce tun jiya ta hau mota ta kai abinta ƙauyensu ajiya, kada wani babba ya ji labari ya ƙwace. Ministoci goma sha ɗaya suka zo jana'iza, babu wanda ya tuna yana da wani abu a gida.

Wajen hantsi Rakan ya sake kira daga kasuwar Dumbara, ina jin hayaniyar masu babura a bayansa. Yana tsaye gaban mai yadi.

"Yaya," ya ce, "nawa zan ce ya yanka?"

Na gaya masa.

Aka binne shi kafin la'asar, da sojoji da harbin bindiga, kusa da sarki na sha huɗu. An nuna a talabijin, ban kalla ba. A daidai lokacin ina jin lasifikar Harami daga saman gidanmu ana kiran sallar gawa, ta waɗansu mutane da suka yi sa'a.

Kwana uku muna karɓar gaisuwa. Mutanen Mansur suka rabu biyu, wasu na cewa Yarima ya koma gidan ubansa da girma, wasu na cewa Allah ya kyauta. Ammi Mukhtaru bai zo ba sai rana ta ƙarshe, bayan an fara naɗe tabarmi. Ya ƙi shiga wurin maza, ya tsaya a bakin ƙofa ya sa aka kira ni. Ya rame, rawaninsa a karkace.

"Ashe da gaske jikan sarki ne," ya ce.

"Da gaske ne, ya Ammi. Ka ci gaba da shan shayinka, an ba ka amsa."

Na faɗa ne don ya ji ciwo, kuma ya ji. Ya riƙe ƙyauren ƙofa da hannu biyu.

"Ni na san da gaske ne, 'yata. Tun muna samari na sani. Daɗin musun nake ji." Ya share fuska da bakin rawani. "Da ma ƙarya yake yi. Da yanzu yana nan."